Tutar Iya Tabawa a Kan Baƙin Juji

Ba na son yadda samarin yanzu suke taɓa juji, kuma ba zan ɓoye ba. Su zo da shebur da buhu, su tsaya inda ƙasa ta fi baƙi, su cika, su ɗaure baki, su kai wa mai lambu su ce taki ne. Ba su tona ba, ba su sansana ba, ba su tambayi kowa abin da aka zuba a wurin bara ba. In ka yi magana su ce, "Gwaggo, shara ce fa, ba haɗa magani ba." To ku saurara. Ni Larai a bakin bola furfura ta same ni, kuma sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙon biro. Kwalliyar magana ban iya ba. Abin da na gani shi zan rubuta.

Aikinmu duban juji ne. Shara in ta daɗe a tare, rana ta dake ta, ruwan damina ya ratsa ta, sai cikinta ya ruɓe ya koma kamar ƙasa. Manoman bakin rafi da masu kula da furanni a gidajen manya na unguwar Nassarawa GRA su suke saye su zuba wa shuka. Amma ba kowace tsohuwar shara ce taki ba. Wata abinci ce ga ƙasa, wata guba ce, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Dole wani ya hau ya tona ya ce wannan a ɗiba, wannan a bari. Mu ne masu faɗar haka.

Jujin da na fara koyo a kansa yana bayan katangun GRA, ta ɓangaren da ke kallon unguwar Gawuna. A can na sami Iya Tabawa, wata gajeriyar tsohuwa 'yar Tudun Murtala, mai tauna goro da faɗa kamar an aiko ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce hannuna ya yi laushi da yawa, zan gudu kafin Juma'a. Ban gudu ba. Ta miƙo min kayan aiki: rariyar waya mai katako a gefe, gajeriyar fartanya, tsohuwar ƙwarya ta ruwa, da maganaɗisun da aka ciro daga cikin mataccen rediyo an ɗaura masa igiya. Har yau kayana ke nan, rariyar ce kawai na sake wa waya.

Abu na farko da ta sa ni shi ne in haƙa rami a gefen juji in zura hannu har kafaɗa. Na zura, na zaro da sauri don zafi. Ta ce to bai nuna ba ke nan, yana kan dahuwa, duk wanda ya zuba wa dashe shi zai ƙone saiwa. Ta ja ni wani gefen, na zura na ji sanyi kamar ƙasan randa. Na damƙo, ta ce in matse in buɗe hannu. Ya dunƙule, na taɓa shi da yatsa ya wargaje. Ta tona kaɗan da fartanya, sai ga gwazarma fara ƙal tana naɗewa, ga tana. Ta ce duk inda waɗannan suka zauna, shuka ma za ta zauna.

Na daɗe ba a tambayar ra'ayina, tankaɗe kawai nake. Leda, fasasshiyar kwalba, marfin lemo, tsohon batir, ƙunzugun yara na zamani wanda ba ya ruɓewa ko zai shekara nawa. In na gama in ja maganaɗisu a kan abin da ya zubo, ya kwaso ƙusoshi da reza. Akwai jujin da muka taɓa samun allurai a ciki cunkus, wani mai shagon magani yana zubarwa a ɓoye. Ɗaya ta shige min tafin hannu, tabon yana nan. Iya ta wanke min da ruwan gishiri tana zagin mutumin har kakanninsa, sannan ta ce ko cokali ɗaya ba za a ɗiba daga wurin ba, aka bar shi.

Amma babban kayan aikin ba a hannu yake ba, a fuska yake. Iya takan rufe min ido da gefen mayafinta, ta kawo min ɗan taki bakin hanci ta ce in faɗa mata gidan da ya fito. Da farko wari ɗaya nake ji, warin bola. A hankali ya fara rarrabuwa. Ga toka, ga kashin kaji, ga ganyen mangwaro da na darbejiya da masu shara suke kwasowa daga manyan gidaje, ga wani ɗaci-ɗaci na ƙarfe da batir ke bari in ya fashe. Takin da ya nuna ƙamshin ƙasar farkon ruwa gare shi. In na yi kuskure sai ta dungure min kai ta ce, "Wannan hancin naki ado aka maƙala miki shi?" Ita kuwa daga nesa take juyar da kai ta ce an zuba wani abu a can, a tona a samu.

Akwai al'adu biyu da suka riƙe sana'ar nan, kuma ku samari ba ku san ko ɗaya ba. Ta farko tuta. In mai duba ta yarda da juji, sai ta yanko reshen darbejiya, ta yagi bakin zanenta ta ɗaura, ta kafa a tsakiyar tudun. Manomi ba ya tona komai, tuta yake nema. Tutar Iya shuɗiya ce, kowa ya san ta tun daga masu jaki da mangala har masu tifa. Kuma ba mai tsige tutar wata. Ko dai juji ya ƙare ta faɗi da kanta, ko mai ita ta tsige, ko kuwa mai ita ta mutu. Ka tsige tutar mai rai, ka ce bakinta ya mutu ke nan, ba wanda zai ƙara sayen taki da maganarta.

Ta biyu ɗaurin fari. Duk manomin da ya ɗebi taki a ƙarƙashin tutarki, abin da ya fara tsinka daga fangalin, alayyahu ne ko latas ko yakuwa, zai kawo miki ɗauri guda har gida. Ba kyauta ba ce. Dole ki dafa ki ci. Abin da kika ce a zuba wa ƙasar mutane, cikinki ne zai fara shaida shi. Wannan ya sa ba mu kafa tuta don kunyar kowa.

Masu sayenmu iri-iri ne. Akwai Hajiyoyin da ke aiko direba a ce ana son taki amma marar wari, marar ƙura, kamar garin tuwo ake saye. Akwai Alhaji Sabo mai tifa, wanda yake kwasar juji sukutum ya kai wa manoman rani. Ba mugu ba ne, amma kullum sauri yake, in ka tsaya dubawa sai ya riƙa kallon agogo yana kaɗa makulli. Sai Malam Idi, mutumin Jigawa, mai kula da furanni a gidan wata Hajiya a GRA, yana kuma da ɗan lambun aro a bakin rafi inda yake ciyar da iyalinsa. Mutum ne mai sanyin magana, ɗaurinsa na fari kullum a wanke yake kawo shi.

Dukkansu kuwa abu ɗaya suka yi imani da shi: takin GRA ya fi kowane. Wai sharar masu hali ce, akwai ƙashi, akwai ragowar shinkafa, akwai maiƙon miya. In aka ga taki yana ɗan sheƙi sai a ce ai ga maiƙon Alhazai nan, a yi ta rububi. A da akwai gaskiya a ciki. Wannan imanin ne ya kashe mu a muguwar shekara.

A shekarar wutar lantarki ta lalace a wani yanki na GRA, aka daɗe ba a gyara ba. Kowane gida injin wuta ke ruri safe da yamma, makanikai suna ta juye baƙin mai suna zuba sabo. A daidai lokacin masu kwasar shara ma suka yi wuyar gani, durom-durom na ƙofar gidaje suka cika suna tsutsa. Sai masu gadi suka samo dabara: a kwarara baƙin man nan a kan sharar, ƙuda ya gudu, wari ya kwanta, maigida ya daina faɗa. Da aka tashi kwashewa, duk aka juye a sabon tudu a bayan katanga. Damina ta bi ta kai, ganye ya hau, ya kwanta ya yi luf.

Da kaka ta yi muka hau duba shi. Ban taɓa ganin juji mai kyan ido irinsa ba, baƙi wuluk, laushi kamar an tankaɗe. Alhaji Sabo yana tsaye a ƙasa har da murmushi, manoma sun kewaye, Malam Idi da baronsa. Na haƙa, na zura hannu, sanyi. Na damƙo na kai hanci. A sama ƙamshin ƙasa ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ya kama min maƙoshi, irin warin garejin makanikai in rana ta take. Na sake tonawa gaba, na sake tonawa baya. Babu gwazarma ko ɗaya, babu tana.

Na matsa kusa da Iya na faɗa mata a kunne cewa akwai baƙin mai. Ta ɗebo ta kai hanci, ta daɗe a haka, fiye da yadda ta saba. Sannan ta murza shi a tafin hannu, ta kalli baƙinsa, ta ce lafiyarsa lau. Na ce mata gwazarma fa? Ta ce kajin unguwa sun tone.

A ƙa'ida nan ya kamata in yi shiru, ba a musa wa wadda ta koya maka a gaban masu saye. Ni kuwa bakina ba ya riƙe abu. Na ɗauko ƙwarya, na zuba ruwa, na watsa takin a ciki, na sauko da ita gaban mutane. Maiƙo ya taso ya shimfiɗu a kan ruwan yana wani launi-launi.

Alhaji Sabo ya leƙa ya yi dariya. "Maiƙon miyar manya ne, Larai. Ke da ba ki saba da nama ba dole ki tsorata."

Na ce, "Alhaji, miyar da ke yin bakan gizo a gidanka ake dafa ta? In a can ne, Allah ya ba iyalinka lafiya."

Manoma suka kwashe da dariya, amma ba wanda ya matso ya sansana. Wanda ya wuni a cikin tifa ko kusa da injin ban-ruwa ba zai ji warin mai a cikin bola ba. Kowa Iya yake kallo. Ta sauko a hankali, ta tsaya gabana, kanta bai wuce kafaɗata ba.

"Ajiye ƙwaryar nan."

"Iya, wallahi mai ne."

"Ni na koya miki ko ke kika koya min?"

Na ajiye. Ta yanko reshe, ta yagi bakin shuɗin zanenta, ta hau ta kafa.

Na tare Malam Idi a hanya yana tura baro, na ce kada ya zuba wannan abin a lambunsa. Ya tsaya ya share gumi, ya ce shi ba ya raina maganata, amma tutar wa ke kai? Ya ce tun yana saurayi yake zuba taki da bakin Iya, bai taɓa kuka ba. Ya yi ta jigila, ya cika fangalinsa, ya kai sauran gidan Hajiyarsa ya baza wa ciyawa da furanni. Shi da wasu ƙananan manoma ne suka fara ɗiba. Babban kason yana nan, Alhaji Sabo ya yi alkawarinsa ga masu tumatir da albasa na noman rani, ana jiran hanyar rafi ta bushe tifa ta iya shiga.

Daga ranar Iya ta daina yi min magana. Muna tankaɗe a wuri ɗaya, in tana son rariya sai ta nuna da baki.

Na je lambun Malam Idi da ƙafata bayan 'yan makonni. Yana ban-ruwa, ruwan ya ƙi shiga ƙasa, sai ya taru a kai ya gangare gefe kamar an zuba a kan leda. Alayyahun da ya shuka rabi bai fito ba. Wanda ya fito ya tsaya iya tsawon yatsa, ganyen ya yi rawaya, bakinsa a ƙone. Na tsige ɗaya, saiwar baƙa ce, guntuwa. A gidan Hajiya kuma ciyawa ta yi faci-faci, furannin da aka ce daga wata ƙasa ta kawo su suka zube. Ba ta tambayi ba'asi ba, ta sa direba ya gaya masa ya kwashe kayansa daga ɗakin bayan gida. Wanda ya ara masa lambun ma ya aiko cewa in ƙasarsa ta mutu, sai dai Malam Idi ya nemi wani wurin.

Malam Idi yana tsugune a bakin fangali ya ce min shi ma ya zuba man nan a durom ɗin gidan Hajiya, ba sau ɗaya ba, da hannunsa. Ya ce ya ɗauka ɗan kaɗan ne, bola za ta cinye.

Na sami Alhaji Sabo na gaya masa abin da na gani. Ya ce ruwan rafin wajen Malam Idi ne ba shi da kyau, kowa ya sani. Ya ce shi bai iya duban taki ba, tuta ya iya gani, kuma tuta tana nan. Hanya ta bushe, gobe da safe zai fara kwasa. Gonakin da zai kai wa ba irin ɗan lambun Malam Idi ba ne, fili ne mai ciyar da gidaje da yawa, kuma ƙasar da ta sha baƙin mai ba a shekara ɗaya take farfaɗowa ba.

Bayan la'asar na nufi Tudun Murtala. A soron gidan Iya na yi kiciɓis da Malam Idi yana fitowa, muka gaisa a tsaitsaye. Ya kawo ɗaurin fari. Ba don cin fuska ba, al'ada ce ya cika, har wankewa ya yi kamar kullum. Na shiga na tarar da ita a bakin murhu, ɗan alayyahun nan rawaya a cikin faranti, tana tsinkewa. Tun daga ƙofa nake jin warin man a jikinsa.

Na ce, "Iya, ba za ki ci wannan ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ta kafa, ita za ta ci. Na kai hannu zan ɗauke farantin, ta buge min hannu da bayan wuƙa. Ta yanka shi, ta zuba a tukunya da ɗan manja da albasa, ta zauna tana juyawa. Tururi ya tashi, ɗakin girkin ya cika da warin gareji. Ta sunkuya a kan tukunyar, tururin yana dukan fuskarta.

"Kina jin wani abu?"

"Ina ji, Iya."

"Ni ba na ji. Tun zazzaɓin da na yi da damina hancina ya tafi. Ko hayaƙin nan ba na ji. Na ɗauka zai dawo."

Na ce mata to ta zo mu je ta tsige tutar da hannunta, ta ce wa mutane ta sake dubawa, ba wanda zai ce komai. Ta ce in ta tsige za a tambaye ta dalili, ita kuwa ba ta iya ƙarya a kan juji ba, kuma ba za ta tsaya gaban Sabo ta ce ta zama fanko ba. Na ce gobe tifa za ta shiga. Ta ce ta sani. Ta sauke tukunyar, ta juye a kwano, ta yi bisimilla. Na miƙa hannu in ci tare da ita, ta janye kwanon gefe ta ce ba tutata ba ce. Ina zaune ta cinye shi tas, tana haɗiya da ƙyar. Ba ta ce in tsige ba, ba ta ce kada in tsige ba. Da na tashi tafiya ta ce in ja mata ƙofa.

To ga abin da ke gabana, ku da kuke cewa shara ce kawai. In tutar ta kwana ta wuni, gonakin mutane sun tafi. In na tsige ta, matar da ta koya min rarrabe toka da guba ta gama aiki a garin nan, kuma da hannuna. Haka ɗin ne ya faru, Iya ba ta ƙara taka bola ba har Allah ya karɓi abarsa, ba ta kuma ƙara kiran sunana ba.

Washegari da sassafe na ɗauki fartanyata na tafi. Tifa biyu sun riga ni, injinsu na ruri, masu lodi sun jingina da shebur, manoma sun taru suna jiran a fara. Ban gaisa da kowa ba. Na hau tudun, ƙafata tana nutsewa a cikin baƙin nan mai laushi, na kama reshen da hannu biyu na tumɓuke shi.

Alhaji Sabo ya cire hula. Ya ce, "Inna lillahi. Yaushe ta rasu?"

Na ce, "Tana nan da ranta."

Na kwance shuɗin ƙyallen, na kaɗe masa ƙura, na ninke na soke a ƙuguna. Reshen na jefar ƙasa. Wani dattijo cikin manoman ya dube ni, ya dubi tudun da ba tuta, ya juya kekensa. Na bayansa ma ya juya. Ni kuwa na zauna a daidai ramin da tutar ta bari, na ɗora fartanya a cinya, ina kallon masu shebur.